Ku Riƙe Irinku Tukuna: Nasiha ga Sabbin Magidanta a Kara-Kara

Ɗana da ɗiyata, labari ya iso mini cewa kun tare, ƴan rakiyar amarya sun watse, an bar ku daga ku sai halinku. Allah ya sa gidan zama ne, ya kawo zuri'a mai albarka. An kuma gaya mini cewa tun ba a gama jere ba, kai maigida ka leƙa Kasuwar Dole ka ƙullo irin kuɓewa da na yakuwa, kana jiran sama ta yi baƙi ka zuba su a bayan ɗaki. Na ji daɗin wannan niyya ƙwarai. Sai dai ina roƙonka ka rataye ƙullin nan inda ɓera ba ya kaiwa, ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

A bazara kuka shiga gidan nan, bazarar Damagaram kuwa ba ta da alƙawari. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, a Kara-Kara har da ƙari, don duwatsun da suka sha rana tun hantsi ba sa hucewa sai dare ya raba. Da safe gari ya yi fari fat da ƙura, da azahar iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi, da la'asar sai ga hadari ya haɗo daga gabas, ja wur daga ƙasa, baƙi ƙirin daga sama. Mata su kwashe shanya, a kamo awaki, a rufe tagogi. Sau da yawa babu komai a cikinsa sai iska da yashi da ɗan yayyafin da ko ƙura bai kashe ba, ke ɗiyata ki kwana kina shara. Wata rana kuma, a farkon Mayu, sai ya zubo da gaske. Rariya ta cika, gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, washegari ka ga mutane saɓe da sungumi.

Wannan ruwan shi nake jiye muku. Manoma na cewa watan bakwai maƙarar rani, amma a ƙasarmu rani yakan yi sallama ya sake dawowa. Iri ya sha ruwa ya tsiro, sai sama ta yi shiru mako biyu ko uku. Rana ta ƙone tsiron, wanda ya tsira kuma iskar hadari ta yi masa bulala da yashi har ya kwanta. Masu binciken noma na ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun sa wa abin ma'auni tun shekarun 1980: ba sa ƙirga damina ta kama sai an sami ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana 3 a jere, sannan a kwana 30 da suka biyo baya ba a yi tsaikon da ya wuce mako guda ba. Sharaɗin farko kowa na iya ganinsa da idonsa. Na biyun kuwa, ranar shuka babu wanda ya san shi sai Allah. Shi ya sa iyayenmu ba su taɓa juye iri duka a rami lokaci guda ba. Ku raba naku kashi uku. In an yi ruwa, kai ɗana ka tona ƙasa da hannu. In damshi bai kai tsawon tafin hannunka ba, ka mai da ƙullin wurinsa. In ya kai, ka shuka kashi ɗaya, ka ajiye biyu. Mai babbar gona da ke yin binne kafin ruwa yana da hujjarsa, hannu ne ya yi masa kaɗan. Kai da filinka bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, me kake wa gaggawa?

Ku riƙa sauraron rediyo. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ma'aikatan yanayi sukan fitar da hasashen damina kafin ta shigo, kuma yana da amfani. Amma hasashen na yanki ne baki ɗaya. Ana iya sheƙa ruwa a unguwannin Birni da Zango, ku a nan ko ɗigo.

Ni a ganina ruwan farko yana da aikin da ya fi shuka, shi ne ya nuna muku gidanku. Wanda ya sayar muku ko ya ba ku haya ya nuna muku ɗakuna da makewayi, bai nuna muku hanyar ruwa ba. Ƙasar unguwar nan dutse ne a ƙarƙashinta, ba ta shanye ruwa, gangaro da shi take yi. Don haka ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kada ku shige ɗaki ku ja bargo. Ku tsaya bakin ƙofa ku duba: ta ina yake shigowa daga gidan sama, ina yake taruwa, wane gindin bango yake ci, ta ina yake fita zuwa na ƙasa da ku. Inda ya ɗan tsaya ya bar laka mai laushi, nan ne lambunku, ko da ba nan kuka yi niyya ba. Inda ya kwanta a jikin gini kuwa, washegari a cike shi da tsakuwa a buɗe masa hanya.

Bangon gabas shi ke shan dukan hadari, shi za a fara yi wa yaɓe. A duba indararo, a bi kwanon rufi ƙusa bayan ƙusa, don iskar da ke gaban ruwa ta fi ruwan ɗage rufi. Kada ku ce ai ƙasar fari ce. A farkon Satumban 2024 tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai yawa. Garin da bisa al'ada ruwansa na shekara bai fi wajen milimita 400 ba, yakan sami wani babban rabo na wannan a ƴan kwanaki kaɗan na Agusta.

Sai batun ruwan yau da kullum, wanda ke ɗiyata kin fi kowa sanin nauyinsa. Ƙishirwar Zinder ta girmi kakanninku. Turawan Faransa da suka mai da garin hedikwatar mulkinsu sun kwashe zuwa Yamai a 1926, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan. Har yau ruwan famfo daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma a bazara unguwannin kan tudu su ne na ƙarshen samu. Wanda ya sayi bido a hannun ƴan ga-ruwa ya zuba wa kabeji a watan Mayu, kuɗin cefane ya zuba a ƙasa.

Amma ku yi wannan lissafi da ni. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Ɗakin kwano mai mita 4 a mita 5, in aka yi ruwan milimita 20, lita 400 ce ta sauka a kansa, wato bido 16 masu cin lita 25. A damina guda rufin nan kaɗai yana zubar da wajen lita 8,000 a titi. Guntun kwano da aka lanƙwasa aka ɗaura a bakin rufi, da duro ko randa a ƙarƙashi, sun isa ku kama wani abu daga ciki. Na farko da ya wanko ƙurar rani da kashin tsuntsaye a ba shuka. Sauran a rufe shi ruf, don randa a buɗe gidan sauro ce, kuma zazzaɓi ba ya jiran a gayyace shi. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa, da na ɗauraye ganye, duk su nufi gindin shuka. Na omo da na wanke tukunya mai maiƙo kuwa a zubar da su can nesa.

Ƙasa mai tsakuwa ba a yi mata kunya a watsa iri. Rami ake yi. Manoman Illela ta jihar Tawa sun raya feƙon da kowa ya yafe da dabarar da ake kira tassa: rami mai faɗi kamar taƙi ɗaya da ɗoriya, a tara ƙasar da aka haƙo ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafi biyu, a jira. Yanzu ne lokacin haƙa su, da sanyin asuba, tun ruwa bai sauka ba. Takin ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin awaki a zafin nan ƙona saiwa yake yi. Inda dutse ya hana diga shiga, tsohon buhu ko fasasshen bokiti da aka cika da ƙasa da taki yana ɗaukar barkono ko alayyafo, kuma in hadari ya taso ana iya jansa zuwa jikin bango. Akwai kuma dabarar tulu: a binne tulun ƙasa har wuya kusa da shuka, a cika shi a rufe bakinsa, ya riƙa tsattsafa wa saiwa ruwa a hankali, rana ba ta sha ko kaɗan ba.

Na san kun je Mirya kun ga lambuna kore shar, wataƙila kun kai har Gidimuni. Can ruwa yana kusa, a nan yana nesa, kuma salati da karas da kabeji da kuka gani kayan sanyi ne, na Nuwamba zuwa Fabrairu. Ku fara da zogale. Ba shi da fushi, yana jure ƙishi in ya kafu, cikin ƴan watanni ki fara tsinkar na kwaɗo. In ya kai ƙugu a datse kansa don ya yi rassa, in ba haka ba sai ya miƙe sama ya bar ki da neman sanda. Bayansa kuɓewa da yakuwa da rama, da kabewa guda a bar ta ta hau rumfa. Lalo da tafasa ma in sun fito da kansu kada a nome su. Wannan ya isa shekarar farko.

Irin kasuwa ba laifi, amma akwai wanda ya fi shi, yana ƙulle a tsumma a ɗakin wata tsohuwa a layinku. Shi ya riga ya saba da wannan tudu. Ki je ki gaishe ta, ɗiyata, ki durƙusa ki ce, “Inna, na zo neman iri.” Za ki fito da iri, ki fito da labarin shekarar da ruwa ya ci layin, da sunan mai akuyar da ke tsallake darni.

A nan zan ɗan dakata. Na san da kuka ce Kara-Kara za ku zauna, akwai dangin da suka taɓe baki. Unguwar ta faro ne a matsayin wurin da aka keɓe wa kutare da sauran waɗanda gari ya ture gefe, daga baya kuma sunanta ya haɗu da ƙungiyoyin samarin da ake kira fale. Aisha Maki, ɗiyar garin nan, ta yi fim a kanta a 2021, duniya ta kalla. Abin da ta nuna yana nan, ba na musu. Amma ku zama kuka zo yi, ba kallo ba. Dattijon da za ka tarar a masallaci babu yatsu, ɗana, ka ba shi hannu kamar kowa. Kuturta ciwo ne mai magani, tun 1995 kyauta ake ba da maganin a duniya, wanda ya sha magani kuma ba ya sa wa kowa. Abin da ka gani a hannunsa tabon abin da ya wuce ne. Samarin da ke zaune a kwana kuwa, yawancinsu aiki suka rasa. Ka yi musu sallama kullum, ka san sunayensu. In za ka haƙa ramuka ko ka ɗauko dutsen tare gangare, su ka kira, ka biya su haƙƙinsu ba ragi. Ranar da iska ta ɗage kwanonka da tsakar dare ba dangin da ke Sabon Gari za su fara isowa ba.

Akuyar maƙwabci za ta ci zogalenku, wannan ba tantama. Kafin ta ci, ku kewaye shi da ƙaya ko tsohuwar zana. In ta ci, ki kora ta ki yi shiru a karon farko. A na biyu maigida ya je da fara'a ya yi magana da maigida. Ƙadangaru ma suna tsinke sabon tsiro, tsohon gidan sauro ya ishe su. A zafin nan kunama na fitowa daga ƙarƙashin duwatsu da dare, saboda haka a kakkaɓe tabarma da takalmi, kuma kada a ɗaga dutse da hannu tsirara. Yaro ko babba da ya yi zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a wannan lokaci, asibiti za a nufa da shi nan take, ba a kwana.

Na bar itace a ƙarshe don shi ne zai daɗe. Ana ba da labarin cewa a zamanin Sarki Tanimu hukunci mai tsanani ke kan wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram, kuma duk wanda ya bi hanyar Matamai ko Magarya ya ga gawon da ke tsaye a gonaki, yana zubar da ganye da damina ya ba gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabba abinci. Gawo na gona ne, tsakar gidanku ba za ta ɗauke shi ba. Dogon yaro yana da inuwa amma saiwarsa na neman gindin gini, sai dai a ƙofar gida, nesa da bango. A ciki, lemun tsami ɗaya ko magarya ya isa. Ranar 3 ga Agusta ake bikin dashen itace a ƙasar nan, amma ni ba na son ku jira ta, don daga ita zuwa ɗaukewar ruwa bai fi mako shida ko bakwai ba. Ku haƙa ramin yanzu, zurfin gwiwa, yamma da ɗaki inda gini zai kare shi daga iskar gabas, ku zuba taki ku bar shi ya sha ruwa biyu ko uku. In Yuli ta kama kuma ƙasa ta jiƙu sosai, ku aiko yaro. Akwai dashen lemu a wurina cikin leda, na ware muku guda biyu. Ku gaishe mini da maƙwabta.