Dabarar Yanke Labari da Maimaita Shi

Ya ku 'yan'uwana masu koyon malanta, ga wata dabara da na gwada sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa.

Yaran ajina sun ba ni wuya. Abin da na koya musu yau, gobe sai ka ce ba su taɓa jinsa ba. Waɗansu kuwa in an tashi tara ba su komowa.

Ran nan ina karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, sai na lura da yadda aku ya tsare Musa ɗan Sarki a gida. Duk sa'ad da ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko labari har lokaci ya shige. Haka kuma Shaharzad ta tsira da ranta cikin Dare Dubu da Ɗaya, gama in gari ya waye takan bar labari bai ƙare ba. A Ingila ma Charles Dickens ya fid da Pickwick Papers wata-wata, daga 1836 zuwa 1837. Masu wasan talabijin irin su Labarina, wannan tsohuwar hanya suka bi.

To, sai na saka darasin lissafi cikin labarin wani falke, na yanke shi daidai inda ɓarayi suka tare shi. Kashegari tun kafin a kaɗa ƙararrawa aji ya cika. Amma fa ban ci gaba ba sai da yaro guda ya maimaita na jiya, sauran suna gyara masa.

Maimaitawar nan ita ce gishirin abin. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, in kuwa aka riƙa komawa kansa kwana-kwana sai ya zauna. A asibiti ma, ma'aikaciyar jinya mai hankali ba ta sallamar uwa sai uwar ta faɗa da bakinta yadda za ta ba ɗanta magani, domin kuskure a nan yana iya cin rai.

Sai dai a kula, kada daɗin labari ya danne darasi. Kowane kashi ya ɗauki abu guda da za a koya, in ba haka ba mun zama masu tatsuniya kurum. Ku gwada ku gani. Da sannu tulu kan cika.