Tuƙin Baibai: Ya Kamata A Koya Wa Sababbin Mahaya Babur?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san babur shi ne jakin wannan zamani. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi ake ɗauko buhun gero daga Gatawa ko Unguwar Lalle zuwa kasuwar Sabon Birni, kuma samari da yawa da kabu-kabu suke ciyar da gidajensu. Amma da za ka tsayar da mahaya goma ka tambaye su yadda suke shan kwana, ina jin dukansu za su ce maka in za a yi dama sai a murɗa kan babur dama. Wannan amsa akwai kuskure a cikinta, kuma kuskuren ya taɓa gidanmu. Shi ya sa na zaɓi in yi rubutu a kansa a mujallarmu ta bana.

A dogon hutun da ya wuce, yayana yana dawowa daga Isa a kan babur, wata uku ke nan da ya koya, sai wani jaki ya faɗo titi ta hannun hagu. Ya ce mini akwai isasshen wuri ta dama, kuma can ya nufa. Ya fizgi kan babur da ƙarfi ya yi dama da shi, sai babur ya kwanta hagu, ya nufi jakin kamar an aike shi. Allah ya sa da sauran kwana, hannu kawai ya karye, amma aka yi girbin gero ba da shi ba. Mutane suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne. To amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaya za a murɗa dama, babur ya tafi hagu? Da muka dawo makaranta na kai wa malaminmu na kimiyya wannan tambaya, ga abin da na koya.

Yadda babur yake shan kwana

Abin hawa mai ƙafa biyu, keke ne ko babur, ba ya juyawa cikin gudu sai ya kwanta ta gefen da zai bi. Dalili kuwa, duk abin da yake shan kwana akwai ƙarfin da ke neman jefa shi waje, kamar yadda fasinjojin mota suke faɗa wa juna in direba ya sha kwana da gudu. Kwanciyar babur ita ke tare wannan ƙarfi. In an ninka gudu sau biyu a kwana ɗaya, ƙarfin yakan ninku sau huɗu, don haka dole babur ya ƙara kwanciya.

To me ke kwantar da shi? Ku tuna da wasan da muke yi muna yara, mu tsayar da karan dawa a tafin hannu. In kana so karan ya karkata dama, hannunka za ka janye hagu kaɗan, sai saman karan ya faɗa dama, sa'an nan ka bi shi. Haka babur yake. In mahayi yana so ya yi dama, sai ya tura hannun dama na kan babur gaba kaɗan. Wannan zai sa tayar gaba ta kalli hagu na ɗan lokaci, tayoyin su zame daga ƙarƙashinsa su yi hagu, shi da babur su kwanta dama. Da zarar sun kwanta, tayar gaba za ta dawo ta bi kwanar. Duk wannan bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Tun da ana fara murɗawa ne ta inda ba nan za a bi ba, sai na sa masa suna tuƙin baibai.

Wannan shi ne abin da ya sami yayana. Da ya fizgi kan babur dama da ƙarfi, babur ya ji an umurce shi ne ya kwanta hagu, ya kuwa bi umurni.

Sai dai a lura, in ana tafiya sannu kamar cikin kasuwa, abin ba ya bayyana, mutum yana iya murɗa kai inda ya ga dama ya taimaka da ƙafa. Yana fitowa fili ne in gudu ya wuce na mutum a ƙasa. Keke Napep kuma, da yake ƙafa uku gare shi, ba ya kwanciya, ana murɗa shi ne kai tsaye kamar mota.

Gani ya kori ji

Ban yarda ba sai da na gwada. Shekaruna ba su kai na hawan babur ba, sai na ari keke na shiga filin ƙwallo da safe, ƙasa da sauran laima. Na yi gudu na sha kwana dama, na sauka na duba sawun taya. Sawun tayar gaba ya ɗan fita hagu tukuna kafin ya lanƙwasa dama. Na sake sau biyar, haka nake gani. Kowa yana iya gwadawa.

Ashe ma abin tsohon sani ne. Wilbur Wright, wanda shi da ƙanensa Orville suka tashi jirgin sama a 1903, sana'arsu a wancan lokaci ƙera kekuna ce a garin Dayton na Amurka. Ya lura da wannan al'amari, ya tambayi mahaya keke da yawa yadda suke juyawa, ya tarar suna yi daidai amma ba su iya faɗar yadda suke yi. Daga baya wani malamin tuƙin babur a Amurka mai suna Keith Code ya haɗa wa wani babur kai na biyu wanda ba ya motsi. Masu cewa da nauyin jiki suke juya babur suka riƙe wannan kai, suka yi ta karkata jiki, babur da ƙyar yake kauce wa layinsa.

Masu cewa kada a koyar

Na tattauna da wani dattijo da ya daɗe yana kabu-kabu, ya yi dariya ya ce, "Yaro, shekara nawa ina kan hanyar Goronyo ban taɓa jin wannan ba, ga ni kuwa lafiya." Maganarsa tana da hujja. Duk wanda ya iya keke yana yin tuƙin baibai ba tare da ya sani ba, in da ba ya yi da bai taɓa shan kwana ba. Wasu kuma suna cewa ɗan koyo yana fama da kuloci da giya da totur, in aka ƙara masa da cewa ya murɗa hagu don ya je dama, sai a rikita shi. Akwai kuma tsoron ya tura da ƙarfi fiye da kima. Wannan abin tsoro ne ƙwarai a wajenmu, domin hanyoyinmu da yawa yashi ne, a cikin yashi kuwa fizga ɗaya ta isa ta zamar da tayar gaba.

Masu cewa a koyar

Matsalar ita ce, abin da jiki ya iya ba tare da kai ya sani ba, ranar firgita yakan gudu. A 1981 wani malami a Jami'ar Kudancin Kalifoniya mai suna Harry Hurt ya fitar da rahoton binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan haɗarin babur 900 a yankin Los Angeles. Sun gano cewa kashi 92 cikin 100 na mahayan ba su yi koyo a wajen malami ba, da kansu suka koya ko a wajen 'yan'uwa da abokai, kamar dai yadda ake yi a nan. Sun gano yawanci mahayi ba ya samun cikakkiyar daƙiƙa biyu ta kauce wa haɗari. Sun kuma gano da yawa sun danne birkin baya har taya ta ja ƙasa, ba su kama na gaba sosai ba, kuma kusan ba a sami alamar sun iya kaucewa da tuƙin baibai ba.

Mu yi lissafi. Mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu mita 33 ke nan, kamar sulusin tsawon filin ƙwallo. A wannan ɗan tsakani babu lokacin tunani, abin da hannu ya saba shi zai yi.

Ra'ayina

Ni a ganina ya kamata a koyar, amma a bi shi daki-daki. A bar ɗan koyo ya fara iya zama, ya iya tashi da tsayawa, ya iya kama birki biyu tare. Bayan nan a kai shi fili mai tauri inda babu mutane, a jera gwangwanaye, ya riƙa ratsa su da matsakaicin gudu. Ba sai an cika shi da bayani ba, kalmomi kaɗan sun isa: tura dama ka je dama, tura hagu ka je hagu. A gaya masa turawa ce a hankali, ba fizga ba. A kuma koya masa ya kalli inda yake so ya bi, domin wanda ya ƙura wa rami ido shi yakan faɗa. Ya yi ta maimaitawa har hannu ya saba.

Ina roƙon shugabannin 'yan kabu-kabu su sa wannan cikin abin da za a gwada sabon shiga kafin a ba shi riga. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ma tana iya sa shi cikin faɗakarwar da take yi a tashoshi. Iyayenmu kuma su tuna doka ba ta ba da lasisin tuƙi sai mutum ya cika shekara 18. 'Yan'uwana ɗalibai, kada wani ya karanta wannan ya je hutu ya sace makullin babur ɗin mahaifinsa don ya gwada. Keke ya isa. Sanin tuƙin baibai ba ya maye gurbin hular kwano, ba ya kuma halatta gudu ko ɗaukar mutum huɗu. Sannu ba ta hana zuwa.

Hannun yayana ya warke, ya koma kan babur. Na nuna masa sawun taya a bayan gidanmu, ya daɗe yana kallo, ya ce da wani ya gaya masa tun farko, da wataƙila da shi aka yi girbi. Allah ya kiyaye mu a kan hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.