Me Ya Sa Gwamna Ba Shi Da Cikakken Iko Da 'Yan Sanda?

Wani mai karatu daga Gusau ya aiko da tambaya: tunda mu muka zaɓi gwamna, kuma kullum ana kiransa shugaban tsaro na jiha, me ya hana shi juya 'yan sanda yadda ya ga dama?

Madalla da wannan tambaya, Malam. Amsarta tana cikin kundin tsarin mulki na 1999, wato uwar dokokin Najeriya. Kundin ya raba iko ta fuska biyu. Ta farko kowa ya san ta: majalisa ta yi doka, shugaban ƙasa ko gwamna ya zartar, kotu ta yi hukunci. Ta biyu, wadda ta shafi tambayarka, ita ce rabon aiki tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi 36.

A ƙarshen kundin akwai jeri biyu. Na farko ya lissafa abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, kamar soja, kuɗin ƙasa, kwastan, fasfo da ma'adinai. 'Yan sanda a nan suke. Na biyu kuwa na hannu biyu ne, irin su jami'o'i, kuma in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce ke yin rinjaye. Sashe na 214 ma ya ƙara ɗaure maganar, ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar.

Sai dai kada ka ɗauka gwamna ba shi da ta cewa sam. Sashe na 215 ya ba shi damar ba kwamishinan 'yan sanda umarni kan zaman lafiya. Inda gizo ke saƙar shi ne, kwamishinan na iya cewa a dakata sai an miƙa maganar ga shugaban ƙasa ko ministansa. Ba gwamna ke naɗa shi ba, ba kuma shi ke cire shi ba, ko da shi ya saya wa rundunar motocin sintiri.

Wannan tsari yana da tarihi. Dattawa suna tuna 'yan dokan En'e, da ƙorafin da 'yan jam'iyyar NEPU suka riƙa yi cewa ana muzguna musu da su, har gwamnatin soja ta Gowon ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Tsoron a sake yin irin haka na gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma a ganina, ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa a gaba bai kamata ya jira Abuja ba.

Gyara kundin yana yiwuwa. Ana buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, sannan majalisun jihohi 24 su amince. Ta haka a 2023 aka mayar da jiragen ƙasa da gidajen yari zuwa jeri na biyu, aka kuma faɗaɗa ikon jihohi kan wutar lantarki.