Abincin Dare da Rabin Kilo na Nama

Tambaya: Wata matar aure a unguwar Harobanda, wadda ke aiki a tsakiyar Yamai kuma ba ta ƙetaro Gadar Kennedy sai dab da magariba, tana neman abincin dare mai sauƙi da kaza ko naman shanu.

Amsa: Damuwar Malama ta ƙarancin lokaci ce, kuma maganinta shi ne sulala nama sau ɗaya, wato dafa shi da albasa, citta, masoro da gishiri har ya yi laushi, sannan a raba shi da romonsa kashi uku don dare uku.

A dare na farko sai ta yi dafa-duka, inda ake soya tumatir da tattasai, a zuba romo, shinkafa ta nuna a cikinsa. A dare na biyu ta turara dambu, wato tsakin masara ko na shinkafa da aka haɗa da dafaffen zogale, ta yayyafa mai da yaji, ta soya kashi na biyu na naman ta ɗora. A na uku kuwa miyar kuɓewa da daddawa ta wadatar, domin tana nuna kafin a gama tuƙa tuwon masara.

Abin kiyayewa shi ne zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, don haka kada dafaffen nama ya wuce awa ɗaya ba a saka shi a firji ba. Idan wutar lantarki ba ta tsayawa, gara ta soya naman ya bushe ƙayau, ko ta sayi na yini guda wurin mahauci.