Idan Kaza Ta Shanye: Cutar Marek a Akurkin Gida

Sagara mai wata uku ko huɗu takan fara ɗingishi ba tare da an buge ta ba. Bayan 'yan kwanaki sai ta kasa tsayawa, ta kwanta ƙafa ɗaya a miƙe gaba, ɗayar baya. Wata fiffike ne yake saki. Wata kuma ƙwayar idonta ke komawa ruwan toka har ta daina ganin tsaba. Tana son ci, amma ba ta iya kaiwa ga abinci, sai ta yi ta ramewa. In kun ga haka, ku yi zaton cutar Marek. Sunan wani likitan dabbobi ne na ƙasar Hungari, wanda ya fara bayyana ta a 1907.

Kafin komai, ku duba yadda kajin ke faɗuwa. Marek takan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, wannan makon guda, mako mai zuwa wata, kuma ta fi kama masu tasowa. Amma idan kaji da yawa, manya da ƙanana, suka mutu cikin kwana biyu ko uku, da zawo kore, da wahalar numfashi ko murɗewar wuya, wannan wata magana ce dabam. Yana iya zama annobar Niyukasil da muka saba gani da hunturu, ko murar tsuntsaye irin wadda ta kashe dubban kaji a Yawunde a 2016. Murar tsuntsaye tana iya kama mutum. Kada ku taɓa mushen da hannu, kada yara su matsa kusa, ku sanar da ma'aikatan dabbobi na Tibati a ranar.

Marek ita ba ta kama mutum. Ba ta shiga ta ƙwai, don haka ku ci ƙwanku hankali kwance. Ƙwayar cutar tana fita ne daga gindin gashin kaza, ta bi ƙurar akurki, wata kazar ta shaƙa. Tana iya yin watanni a cikin ƙurar nan da ranta. Kafin kaza ɗaya ta kwanta, sauran sun riga sun shaƙa, kuma wadda ta ɗauka tana yaɗawa har ƙarshen rayuwarta, ko da ba ta taɓa nuna alama ba.

Ga maganar da ba a son ji: ba ta da magani. Na san abin da ake yi a gidaje. A buɗe kafso mai ja da rawaya, a zuba a ruwan kaji, wani lokaci ma ragowar maganin da aka rubuta wa yaro ne. Kafso yana kashe wani irin ƙwayoyin cuta ne, Marek kuwa ba ta cikinsu. Kazar ba ta warke ba, yaron bai gama shan maganinsa ba, sannan ragowar maganin ta zauna a nama da ƙwai ku ci. Ta haka ne ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani, har ranar da za a kawo mutum asibiti mu ba shi, ya ƙi aiki. Kuɗin kafson nan, gara a sayi dusa da shi.

To, me za ku yi? Ku ware mai ciwon a kwando, nesa da sauran, ku sa mata ruwa da abinci dab da bakinta. Ku duba ƙafar, don targaɗe ko zare da ya ɗaure yatsu su ma suna sa ɗingishi. In mako ya wuce tana ƙara lalacewa, ku yanka ta don ta huta. Ku kai wa malamin dabbobi ya buɗe: a Marek akan ga fararen ƙulla-ƙulla a hanta ko saifa, jijiyar cinya kuma ta yi kauri. Tabbaci sai an gwada a ɗakin bincike, irin na LANAVET da ke Garwa. Kazar da aka samu haka, a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba. Kuma don Allah kada ku kwashi sauran ku kai kasuwa, ko ku ba maƙwabciya kiwo. Ciwon za ku kai mata.

Wajen sharar akurki, ku fara yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ku rufe hanci da ƙyalle. Mai asma kada ya yi wannan aiki. A ƙone gashin, a wanke mazubin ruwa da sabulu, a bar rana ta shiga.

Rigakafi akwai shi tun wajen 1970, amma allura ce da ake yi wa ɗan tsako ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Ba ta amfanar wadda ta riga ta kamu. Tana zuwa a kwalba mai isar tsaki wajen dubu, tana buƙatar sanyi, kuma da an haɗa ta sai a yi amfani da ita nan take. Shi ya sa da wuya a yi wa tsakin da kazar gida ta ƙyanƙyashe. In za ku sayi tsakin gona da ake kawowa daga kudu, ku tambayi mai sayarwa ko an yi musu allurar Marek, ban da ta Niyukasil. Ku ajiye su a wuri mai tsabta, dabam da manyan kaji, har mako biyu, kafin allurar ta kama jikinsu. Ko bayan haka suna iya ɗaukar cutar su yaɗa, allurar tana hana su shanyewa ne kawai.

A kajin gida kuwa, ku lura da tsofaffin da ciwon ya ratsa akurki bai kayar da su ba. Su za ku bari su yi kwanci, da zakaran da ya tsira. Ƙwan wadda 'ya'yanta ke yawan shanyewa, a soya shi.