Aji 1A Ko 1C: Me Gwajin Ranar Farko Yake Aunawa?

A da, in an kai yaro firamare, hedimasta kan sa shi ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa. In ya taɓo, ya isa shiga aji ɗaya. In bai taɓo ba, sai baɗi. Waɗanda suka shiga a zamanin UPE, wato 1976, za su ba ku labari.

Yanzu wasu makarantu gwajin ABCD da ƙirga suke yi, su zuba waɗanda suka ci a 1A, saura 1B da 1C. To, amma me aka auna? Wanda ya yi nazare zai rero haruffa har Z. Ɗan makarantar allo kuwa ya iya babbaƙu da farfaru, sai dai ba a tambaye shi ba. Ga kuma bambancin shekaru: wani bai daɗe da cika shida ba, wani yana dab da bakwai.

Babbar illar ita ce suna. Da zarar yara sun fara kiran 1C "ajin daƙiƙai", ɗan ajin yakan yarda, ya daina ɗaga hannu.

Malamanmu, gara a cakuɗa su. In za a kasa su rukuni-rukuni don karatu, a yi a cikin aji, a kuma sake dubawa kowane zango.