Rariyar Haske

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Agege, wani yaro, ɗan mai goro, ya tambaye ni ya ce, "Malam, yaya maganar mutum dubu ke bin waya guda cikin teku, ba ta cakuɗewa?" Ran nan na kasa, kunya ta kama ni. Da na dawo na bincika. Ga abin da na samo, domin kada irin wannan ya sami waninmu.

Wayar nan ba ta tagulla ba ce, zaren gilashi ne, haske ke gudu a ciki. Wadda ake kira MainOne ta taso daga Fotugal, ta bi ƙarƙashin teku wajen kilomita 7,000, ta iso Ikko a 2010.

To, haske tafiyarsa irin ta igiyar ruwa ce, kuma tsawon igiyar shi ne launi. Ana auna shi da nanomita, watau milimita guda a raba ta miliyan. Ja wajen nanomita 700 ne, shuɗi wajen 450. Na cikin wayar teku wajen 1,550 ne, ido ba ya ganinsa. Ko wane rukunin saƙo da tsawon da aka ba shi, duka su tafi tare. In sun iso sai a tankaɗe su, kamar yadda uwargida ke raba gari da tsaki. Ke nan ana bukatar rariya.

Akwai irinta da dama, amma masana suna neman wadda ta fi duka ƙanƙanta, ta ƙarfe. Tun 1857 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa zinariya, in ta yi ƙanana ƙwarai cikin ruwa, ja take zama. Dalili kuwa, in haske ya faɗa kan ƙarfe, 'ya'yan lantarkin da ke fuskarsa sukan yi rawa tare da shi. Rawan nan shi ake kira filasmon.

Ga yadda ake ƙera rariyar. A tsaga 'yar hanya cikin azurfa, faɗinta wajen nanomita 50, haske ya bi. A gefenta a yi ɗan ɗaki, sau da yawa zobe. Kun san in aka hura bakin kwalba murya ɗaya take yi, gwargwadon cikinta. Haka ɗakin nan yake: launin da ya dace da girmansa shi kaɗai yake kamawa, saura su wuce.

Sa'an nan ana iya juya ta, kamar yadda makaɗi ke matsa kalangu ya sāke murya. In an cika ɗakin da abin da zafi ko lantarki ke sāke halinsa, sai ya saki launin farko ya kama wani.

Amma fa tana da aibu. Ƙarfe yana shanye haske ya mai da shi zafi, saboda haka saƙo ba ya nisa a ciki. Shi ya sa yawancinta har yanzu a ɗakin gwaji take.

'Yan'uwa malamai, gani ya kori ji. Ku jera kwalabe uku a gaban aji, ku zuba ruwa bambam-bambam, yara su hura su ji da kunnensu. In yaro ya gane kwalba, rariyar haske ba za ta gagare shi ba.